Babi na Shida: In Lasifika Ta Ce Ba Ta Ga Komai Ba

A Gwagwalada ba ƙawa ce ke sa yawancin mutane sayen makunni mai waifai ba. Ruwa ne. Gida mai burtsatse a Kutunku, Dagiri ko Phase 3 kullum lissafinsa ɗaya: yaushe za a kawo wuta, kuma wa zai tashi ya kunna inji kafin a sake ɗaukewa? In aka kawo ta ƙarfe biyun dare kowa na barci, gari zai waye tanki a bushe, sai a nemi ɗan garuwa ko a ja janareta. Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023 kuwa, ba maigidan da ke jan igiyar janareta bai fara duba aljihunsa ba. Ga zafin garin, wanda duk mai saukowa daga Garki ko Wuse a watan Maris ya san ya ɗara na cikin birni.

Saboda haka sai a sayo ɗan makunnin Sonoff ko na Tuya a ɗaura wa injin. Lasifikar Echo ta zo tsaraba daga Dubai ko Ingila, ko an samo ta a Banex Plaza. A kira wani ɗalibin Jami'ar Abuja mai hannu a harkar, ya zo da 'yar kwamfutar nan Raspberry Pi da ba ta wuce tafin hannu ba, ya zuba mata manhajar gada, mai haɗa lasifikar da makunnin. An gama komai. Ya ce wa lasifikar da Turanci ta nemo na'urori, shuɗin haskenta ya yi ta juyawa na kusan minti guda, sannan muryar ta ce ba ta sami wata sabuwar na'ura ba.

Hukunci biyu ake yankewa a nan take. Maigida ya ce, "Kai yaro, jabu suka sayar mana." Yaron ya ce, "A'a Alhaji, netwok ne." Sau da yawa duk biyun ba su ne ba. Kayan lafiyarsu ƙalau, intanet ma yana gudu. Abin da ya faru shi ne na'urori biyu suna cikin gida ɗaya amma kiran ɗaya bai isa kunnen ɗaya ba, kuma akwai dalilin da za a iya ganowa da waya a hannu.

Sai mun fara da abin da ya kawo gadar. Kamfanin Philips ya fitar da ƙwayayen fitilarsa na Hue a 2012, tare da ɗan akwatin da ke haɗa su da rautar gida. Amazon ta fitar da Echo a Nuwamban 2014, kuma a 2015 ta koya mata gano akwatin Hue da makunnan WeMo na Belkin da kanta a kan waifan gida. Masu sha'awar harkar suka lura cewa lasifikar ba ta bin diddigin ko akwatin na gaske ne. Duk wanda ya amsa mata yadda Hue ke amsawa, ta yarda da shi. Daga nan aka rubuta manhajojin da ke kwaikwayon akwatin. Akwai HA-Bridge. Akwai sashen kwaikwayon Hue a cikin Home Assistant, manhajar da Paulus Schoutsen ya fara a 2013. Akwai Tasmota ta Theo Arends, wadda ake zubawa cikin makunnin kansa ya riƙa shigar burtu a matsayin Hue ko WeMo. Masu iPhone kuma suna da Homebridge. Aikinsu duka iri ɗaya ne: su tsaya tsakanin lasifika da kayan da ba ta sani ba, su gabatar mata da injin ruwa ko fanka da sunan abin da ta sani.

Wani zai ce me ya sa ba za a bi hanyar da kamfani ya shimfiɗa ba, a haɗa asusun Tuya da na Alexa, muryar da ke cikin Echo, a huta? Ana iya yi, kuma ga mutane da dama hakan ya wadatar. Sai dai a wannan hanyar, umarnin kunna injin da ke bayan ɗakinka sai ya fita ƙasar waje zuwa kwamfutocin kamfanin da ya ƙera makunnin kafin ya dawo. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna sun ji a jikinsu a Najeriya. A Afrilun 2022 kamfanin Insteon na Amurka ya kashe kwamfutocinsa ba sanarwa, masu kayansa suka wayi gari manhajar wayarsu ba ta aiki. Ga kuma wahalar asusu: abin da Amazon ke bari a haɗa da Alexa ya danganta da ƙasar da aka yi rajistar asusun. Gada tana rage wannan dogaron. Ba ta kawar da shi duka, domin muryarka dai sai ta je wurin Amazon a fassara ta, amma in gadar tana magana da makunnin kai tsaye, daga lasifika zuwa makunni maganar tana tsayawa cikin gida, kuma ko intanet ya yanke kana iya kunna injin daga shafin gadar a wayarka.

Yadda ake nema

Lasifikar ba ta san adireshin gadar ba, don haka ba za ta iya kiranta kai tsaye ba. Shela take yi. Kamar mai shela ne da ya tsaya a zaure ya ɗaga murya yana tambaya ko akwai mai fitila a gidan nan: duk wanda ke cikin gidan zai ji, amma na gidan maƙwabta ba zai ji ba ko da katanga ɗaya ce tsakani. Sunan wannan tsarin SSDP. Ana aika shelar zuwa wani adireshi na musamman, 239.255.255.250, ta ƙofa mai lamba 1900, kuma da gangan aka tsara ta yadda rauta ba za ta fitar da ita zuwa wani layin ba. In gadar ta ji, sai ta mayar da amsa ɗauke da adireshinta. Lasifikar ta bi adireshin ta karanta wata 'yar takardar gabatarwa mai suna description.xml, ta gamsu cewa Hue ce, sannan ta nemi jerin fitilu.

Ke nan wurin tsinkewa uku ne: ko shelar ba ta isa ba, ko amsar ta zo da adireshin da ba daidai ba, ko an je adireshin an tarar da ƙofa a rufe. Wanda ya riƙe wannan ya daina kashe kaya yana kunnawa bisa fata.

Gwajin farko ba ya buƙatar komai sai waya. Kashe datar layinka tukuna, in ba haka ba wayar za ta ruɗe ka. Hau waifan da lasifikar take kai, buɗe burauza, rubuta adireshin 'yar kwamfutar ka bi shi da /description.xml. In rubutu ya fito har ka ga sunan Philips hue a ciki, gadar tana raye kuma ƙofarta a buɗe take, matsalar tana wajen shela. In bai fito ba, kada ka ƙara wahalar da lasifikar. Laifin yana can wajen gadar.

Mafi yawan abin da ke rufe ƙofar shi ne lambarta. Da can gada tana iya sauraro ta kowace ƙofa, 8080 ko 8300, lasifikar ta bi ta. A 2019 Amazon ta sauya manhajar Echo, ta daina zuwa ko'ina sai ƙofa ta 80. Tsofaffin bayanan koyarwa da bidiyoyi suna nan har yau da tsohuwar lambar, yaro ya bi su tiryan-tiryan ya ƙare da lasifikar da ba ta ganin komai. Ƙofa ta 80 kuma tana da sharaɗi biyu. A Linux ba a barin manhaja ta riƙe ƙofar da ke ƙasa da 1024 sai da izini na musamman. Sannan manhaja ɗaya ce kawai za ta iya riƙe ta a lokaci guda. In akwai wata da ta riga ta zauna a kai, irin su Pi-hole, gadar za ta tashi ta kasa samun wuri. Rajistar aikinta tana faɗin haka ƙarara ga wanda ya buɗe ya karanta. Wanda ya sa gadar cikin akwatin manhajar Docker kuma sai ya ba ta damar amfani da layin kwamfutar kai tsaye, in ba haka ba shelar ba za ta ratso cikin akwatin ba.

Gida ɗaya, layi biyu

Nan ne ginin gidajenmu ke shigowa. Bulo da kankare da rodi suna cinye waifai, rijiyar kuma yawanci tana can ƙarshen fili kusa da katanga. Sigina ba ya kaiwa, sai a tuna akwai tsohuwar rauta a durowa, a ja mata waya zuwa baya a jona. Waifai ya wadata, kowa ya ji daɗi, YouTube yana yi a ko'ina. Abin da ba a lura da shi ba shi ne rauta ta biyun ta kafa nata layin daban, tana raba nata adireshin. Lasifikar tana falo a kan 192.168.1 da wani abu, gadar tana baya a kan 192.168.0 da wani abu. Duk suna samun intanet, amma shelar ɗaya ba ta kaiwa ga ɗaya. Dubi lamba ta uku a adireshin kowacce. In sun bambanta, yawanci ka kama ɓarawon. Maganin shi ne a sauke rauta ta biyu daga muƙaminta: a kashe mata raba adireshi, a mai da ita mai miƙa sigina kawai.

Haka ke faruwa da masu Starlink, wadda ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023. Tana zuwa da rautarta, mutum kuma ya jona tasa ta da a bayanta, wasu kaya su hau wannan wasu su hau waccan. A zaɓi ɗaya ta yi shugabanci. Masu MiFi kuwa damuwarsu ta fi haka. An yi ta ne don wayoyi da kwamfuta 'yan kaɗan, adadin abin da take ɗauka yana da iyaka, kuma babban abin shi ne tana da ƙafa: maigida ya sa ta a aljihu ya tafi Zuba, gidan gaba ɗaya ya rasa layin da zai yi magana a kai. Gidan da ke son wannan tsarin yana buƙatar rauta zaunanniya, ko da MiFi ɗin ce ke shayar da ita intanet.

A gidajen haya na ɗalibai, inda ɗakuna goma ke kan waifai ɗaya, mai gidan yakan kunna saitin da ke hana wayoyi ganin juna, wanda a shafin rauta ake rubuta shi AP Isolation. Layin baƙi ma yawanci haka yake. Daidai ya yi, kuma ban ba da shawarar a roƙe shi ya kashe ba. Kwaikwayon Hue ba shi da wani makulli na kirki. Duk wanda ke kan layin zai iya kunna abin da gadar ta fallasa, lasifikar maƙwabci ma za ta iya gano fankarka ta sa a jerinta. Mai son gada a irin wannan gidan ya sayi 'yar rautarsa. A tuna kuma yawancin makunnai masu araha zangon waifai na 2.4 kawai suke ji, ba sa ganin na 5, kuma akwai rautocin da ba sa ƙetarar da shela tsakanin zangunan biyu. In komai ya ƙi, a ɗora lasifika da gada a zango ɗaya a sake gwadawa.

"Jiya fa tana yi"

Wannan ce jimlar da mai gyara ya fi ji a Gwagwalada, kuma ita ce ba za ka samu amsarta a littafin da ya zo cikin kwali ba, domin waɗanda suka ƙera kayan a garuruwan da wuta ke shekara ba ta ƙifta ba suke zaune. A wurinsu rauta na kunnuwa sau ɗaya ta yi watanni. A wurinmu gidan yana mutuwa ya tashi sau da yawa a yini: a ɗauke wuta, a koma janareta, a kawo wuta, a sake juya layi. Duk juyi ɗaya sabon tashi ne ga kowace na'ura.

Kuma ba tare suke farkawa ba. Ɗan makunni yana tashi cikin daƙiƙu kaɗan. Rauta tana ɗaukar minti ɗaya ko biyu. 'Yar kwamfutar tana iya riga rautar shiryawa, manhajar gada ta tashi ta duba ba ta da adireshi, ta zauna haka nan kurma har sai an sake tayar da ita. Ko kuma rautar ta tashi ta fara rabon adireshi ga wanda ya fara zuwa, lambar da gada ta riƙe jiya ta faɗa hannun wayar wani yaro. Lasifikar tana nan riƙe da tsohon adireshin, ta je ba ta sami kowa ba, ta ce na'urar ba ta amsawa. Maigida ya sake sa ta nema, ta gano kayan a matsayin sababbi, jerin ya cika da injin ruwa biyu, ɗaya mai rai ɗaya matacce, lasifikar ta shiga tambayar wanne ake nufi.

Gyaran nan ba tsada gare shi ba, kuma a ganina shi ya kamata a fara yi tun kafin a buɗe kwalin lasifika. A shiga shafin rauta a keɓe wa gadar adireshi na dindindin, haka ma kowane makunni. A saita manhajar ta jira layi ya samu kafin ta tashi. Sannan a ɗora rauta da 'yar kwamfutar a kan inbata, ko a saya musu ɗan batirin nan na rauta. Su biyun ba su kai fankar sama ɗaya cin wuta ba. Wannan yana da wani amfanin: katin ajiyar Raspberry Pi yana lalacewa in ana yawan yanke masa wuta yana tsakiyar rubutu, kuma gada da dama ta haka suke mutuwa. Kada a ciyar da ita da ragowar cajar waya. Pi 4 tana son bolt 5 da amfiya 3 cikakku. Kada kuma a kulle ta cikin silin ƙarƙashin kwano, domin da ta kai wajen digiri 80 take rage gudu don ta tsira.

Akwai wani abu da ke ɓoye wa mutane a gida mai lasifika fiye da ɗaya. Wadda ta fara gano gadar ita ce ke ci gaba da isar da saƙo a madadin sauran. In ta falo ce, kuma soket ɗinta ba ya kan inbata, to da an ɗauke wuta ta ɗakin Hajiya za ta ji umarni sarai amma ba abin da zai motsa.

In an gano ma, da sauran aiki

Akwatin Hue na asali fitilu wajen 50 yake ɗauka, kuma masu Home Assistant suna gargaɗin cewa in aka fallasa wa Alexa abin da ya haura 49, tana iya ƙin ganin ko ɗaya. A fallasa abin da ake buƙata kawai.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan: tunda gadar ta ce ita Hue ce, duk abin da ta gabatar fitila ne a idon lasifikar. Injin ruwa fitila ne, firiza fitila ce. In aka zuba su rukuni ɗaya da fitilun gaske, ranar da yaro ya ce a kashe fitilu zai kashe firizar da naman layya ke ciki, ranar da ya ce a kunna kuma injin zai tashi ba wanda ya sani, tanki ya yi ta ambaliya, ko rijiya ta ja baya a watan Afrilu injin ya yi ta juyawa a bushe har ya ƙone. Kada inji ya shiga rukunin fitilu. A sa masa ƙa'idar kashe kansa bayan wani lokaci, a bar makunnin tanki mai yawo a kan ruwa yana aikinsa. Kuma kada a ɗora inji kai tsaye a kan ƙaramin makunni mai amfiya 10; inji mai ƙarfin doki ɗaya wat 750 ne a lissafi, amma lokacin tashi yana jan ninkin haka. Makunnin ya ja kontakta, kontakta ta ja inji, mai wayarin na gaske ya yi haɗin. Soket ɗin da aka yo tsaraba daga Amurka kuma a karanta bayansa: in bolt 120 aka rubuta, wutarmu ta 230 za ta kashe shi nan take.

A Oktoban 2022 manyan kamfanonin, har da Amazon, Apple da Google, suka fitar da ƙa'idar Matter don kaya su fahimci juna ba tare da shigar burtu ba. Ci gaba ne, kuma wasu lasifikokin Echo suna haɗuwa da kayan da ke amfani da tsarin Zigbee kai tsaye ba gada. Amma Matter ma da shela take neman 'yan'uwanta, ta wani tsarin mai suna mDNS a ƙofa ta 5353. Gidan da rauta biyu suka raba zai ba ta wahalar da ya ba tsohuwar gada.

Saura harshe. Wanda wannan fasahar ta fi yi wa rana ba matashin da ke iya tashi ya danna makunni ba ne. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa da ke son fanka da tsakar dare, da makaho, da wanda aka sallamo daga asibitin koyarwa yana jinya a gado. Su ne kuma lasifikar ta fi kasa ji. Alexa ta koyi Hindi a 2019, ta koyi Larabcin ƙasashen Gulf a 2021, amma ba ta jin Hausa. Ka sa wa na'ura suna "fitilar tsakar gida", za ta bayyana a jeri lafiya lau, a kira ta ta ƙi amsawa, a koma zargin gada alhali gadar ta gama nata. Abin yana yi mini ciwo a ce sai kaka ta karya harshe da Turanci kafin fitilar ɗakinta ta saurare ta.

Kafin a samu mafita ta gaskiya akwai dabara. A ba kowane abu gajeren suna da bai yi kama da na wani ba. Sannan a ce, "Hajiya, faɗi yadda ya fi miki sauƙi," ta faɗa, a buɗe tarihin murya a manhajar Alexa a ga yadda lasifikar ta rubuta abin da ta ji, a kwafi wannan rubutun komai karkacewarsa a mai da shi kalmar da ke tayar da umarnin. A sani kuwa tun 28 ga Maris 2025 Amazon ta cire zaɓin da ke hana wasu lasifikokinta aika murya zuwa kwamfutocinta, don haka a yi shawara da mai ɗakin kafin a ajiye mata ita kusa da gado.

Mafitar ta gaskiya tana hannun masu harshen. A Oktoban 2024 Google ta ƙara Hausa cikin harsunan da ake iya yin bincike da rubutu da murya. Whisper ta OpenAI, wadda ake iya ɗorawa a kwamfutar gida, ta lissafa Hausa cikin harsunanta, ko da yake jinta yana da rauni. Home Assistant tana da nata mataimakin murya mai aiki cikin gida, kuma masu sa kai ne ke rubuta masa jimlolin umarni da harsunansu. Common Voice ta Mozilla tana karɓar muryoyin Hausa daga duk mai waya. Ɗalibin da ya iya keɓe adireshi a rauta ya iya zama ya rubuta hanyoyin da Bahaushe ke cewa a kunna inji, a tayar da shi, a sa ruwa, a kashe, a tsayar. In zai naɗi murya kuma kada ya tsaya kan abokansa na aji; ya je wurin tsofaffi, da mata, da Bagwaren Dobi ko Paiko da ke Hausa da nasa karin, domin su ma suna da tankin da ke jiran ruwa.